Gefen Mota Na Namiji Ne

Paris, ɗakin ɗanki, farkon Maris

Zuwa ga uwargidana Biba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Inna da gwiwarta, da ƴarmu Shamsiya, da duk masu cin tuwon gidana ba da sanina ba. In kin tambayi tawa lafiyar, daga idon sawu zuwa sama alhamdu lillahi. Daga nan zuwa ƙasa kuwa, ki gyara zama.

Kada ki ce don me ban yi miki saƙon murya ba. Na san yadda ake sauraren muryata a gidan nan: ki ɗora waya bisa turmi, ki ƙure ƙara, maƙwabta su leƙo ta katanga. Wannan magana ba ta turmi ba ce. Shi ya sa na ɗauki biro, da ɗan karatun da na tsira da shi kafin a kore ni daga lakol. Zan ɗauki hoton takardar in turo, ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai.

Na faɗi, Biba. A tsakiyar Château Rouge, unguwar da duk baƙin fatar garin nan ke cefane, ranar Asabar, a gaban shagon naman Alhaji Brahim mutumin Cadi.

Kin san uwar Marisol, matar ɗanki Nazir, ta iso daga Meksiko don ta zauna da ƴarta har ta haihu. Donya Celo ake ce mata. Na taso daga Lyon in yi mata barka da zuwa kamar yadda ya kamata. Tun a waya Injiniyan ɗan naki ya ja mini kunne, wai Baba, mutanen can ba sa gaisuwa daga nesa, za ta rungume ka ta sumbace ka a kunci, don Allah kada ka ba ni kunya. Ki ji yaro. Ni ne zan ba shi kunya. Ni da tun aurenmu nake gaida Inna daga bakin zaure a durƙushe, har yau ban san ko tana da wushirya ba.

Sai na yi dabara, irin dabarun nan nawa da kika sani. Na ce wanda hannuwansa biyu ke cike ai ba a rungumarsa. Na riƙe babban ƙunshin kilishi a dama, a hagu kwalin dabino da jarkar man gyaɗa. Na tsaya bakin titi kamar jakin da aka gama yi wa lodi, ina ta yaba wa kaina wayo.

Ga su sun fito daga ramin metiro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗarki ba, amma tahowa take kamar motar kasuwa da birki ya tsinke, hannuwa a buɗe, tana kiran sunana. Na ɗaga kayan sama in nuna mata hannu a cike yake. Ita kuma ta ɗauka buɗe mata hannu na yi. Na ja baya, ta matso. Na ƙara ja, ta ƙara matsowa, har ina jin ƙanshin man gashinta. To, a nan kowane titi yana da dogon dakali a gefe na masu ƙafa, tirotuwar suke ce masa, na Paris kuwa faɗinsa da kaɗan ya fi tabarmar salla. Dakali ya ƙare, ni ban ƙare ja da baya ba.

Babu hannun da zan dafa, tunda ni da kaina na cika su. Ƙafa ta lanƙwashe, jarka ta fashe, kilishi ya watse, tantabarun Paris suka yi sallar da ba su taɓa yi ba. Kafin in gama salati, matar nan ta durƙusa cikin man gyaɗa, ta ɗauki kaina ta ɗora a ƙirjinta, tana yi mini fifita da hulata, tana kiran waliyyansu ɗaya bayan ɗaya. Abin da na guda a tsaye na minti guda, shi na samu a kwance har jama'a suka taru. Alhaji Brahim ya fito da wuƙa a hannu, ya dube mu, ya tambaya da ƙarfi wai motar asibiti za a kira ko liman. Allah ya isa tsakanina da shi, kuma na daina sayen namansa.

Likita ya ce targaɗe ne mai tsanani. An naɗe ƙafar, an ba ni sanda da takardar hutu in kai wa shef, ubangidanmu a izin, wato masana'antar da nake aiki.

Amma ba ƙafar ke cina ba. Abin da ke cina shi ne, wai ni zan ba da haƙuri. Da muka koma gida ta shige ɗaki tana kuka, wai na guje ta kamar mai kuturta. Injiniya ya ce a wajensu in ka ja baya daga mai gaishe ka, ka ce masa ƙazami ke nan. Na ce a wajenmu in ka ja baya daga suruka, ka ce mata babba ce. Me ya sa nata za a fassara mini in haddace, nawa kuwa ba wanda zai fassara mata? Na zo ƙasar nan na tarar Bature ba ya son a matse shi, ko a metiro kowa na naɗe jikinsa kamar ƙwai. Na koya. Na daina riƙe hannun aboki a hanya don kada a yi mana wani zato. Yanzu da furfura a gemu an sake mai da ni aji ɗaya, malamar kuma ba ta jin Faransanci balle Hausa.

Na dai ba da haƙurin, daga bayan kujera.

Ki ci gaba da bin maganar bizarki, kada ki yi sanyi. Cikin yarinyar ya fito sosai, lafiya lau take, kuma ita ce ke dafa mini ruwan gashi. Ki tanadi kanwa da yajin jego. Jikanmu na fari ba zai sha wankan hannun baƙi su kaɗai ba.

Ki gaida Inna, ki ce mata na ƙara sanin darajarta.

Mijinki mai ƙafa ɗaya da rabi,
Ilya

Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, tsakiyar Maris

Biba,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Na ga amsarki: fuskokin nan masu dariya har da hawaye, layi guda cur, babu ko sannu. Na gode. Ki ajiye dariyar, don abin da zan faɗa miki yanzu ba na dariya ba ne.

Kafin komai, yarinyar lafiya, abin da ke cikinta lafiya. Na fara da wannan don kada ki yar da waya.

Ana gobe zan dawo Lyon muka fita sayen atamfar suna, mu huɗu. Sai kin ga yadda mutanen nan ke tafiya. Ba sa bin juna a layi kamar kowa. Jerawa suke kafaɗa da kafaɗa, hannu cikin hannu, su cika dakalin daga bango har bakin titi, suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. In Donya Celo ta ga abin kallo, nan take za ta tsaya, a tsakiyar hanya. Turawa a bayanmu suna huci kamar tukunyar wake, ita kuwa sai ta juya ta yi musu murmushi. In za ta ratsa mutum sai ta taɓa kafaɗarsa ta ce kon permiso, wato a ba ta izini, ko da kare ne na ga alama za ta ce masa.

Shi kuma ɗanki, hannunsa zagaye da ƙugun matarsa. Duk kwanar da muka sha, duk titin da muka tsallaka, sai ya zagaya ta bayanta ya koma ɗaya gefen, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Ni dai na hango Alhaji Brahim da wasu dattawa zaune a ƙofar shago, kuma na san har yanzu ba su gama narkar da faɗuwata ba. Yanzu kuma su ga ɗana na cikina yana rungume da mace a gabana, rana tsaka? Na ce masa da Hausa, sake ta, mara kunya, zo nan ka yi gaba tare da ni kamar ɗan mutane.

Ya sake ta. Wannan laifinki ne, ke kika yi masa tarbiyyar jin magana.

Muka yi gaba ni da shi. Uwar ta tsaya kallon zane a gilashi, Marisol ta rage ita kaɗai ta bakin titi. Sai ga wani ɗan iska bisa turotinet, katakon nan mai taya biyu da lantarki da ba ya ƙara ba ya sallama. Ya bangaje ta ta gefe, ta juya, ta zauna daɓas a bakin dakali riƙe da ciki. Shi ko waiwaye bai yi ba. Ni ma ban gani ba, Biba, ihun uwar na ji, don ƙeyata ce ke kallon wajen.

A asibiti na zauna a baranda. Na ciro carbi na yi ta ja. Da aka daɗe suka fito, aka ce ƙujewa ce a gwiwar hannu da tsorata, yaro na motsi.

A nan aka karanta mini darasin. Ashe zagayen akuyar nan da ɗanki ke yi, doka ce a wajensu. Namiji ne ke tafiya ta gefen mota, mace ta gefen bango, uwa ce ko mata ko ƴa. Wanda ya bar matarsa ta bakin titi, a garinsu har tsokanarsa ake yi, a tambaye shi ko ta sayarwa ce ya fito da ita. Donya Celo ta ce ta ba da ƴarta ga mutumin da ya san wannan, sai ga shi kalma ɗaya daga bakin ubansa ta sa ya yar da ita a bakin hanya da ciki. Ta tsaya can ƙarshen baranda tana dubana. Nisan da na karya ƙafa ina nema, ranar na same shi, har da ƙari.

Yanzu ta sayi tikitin jirgi biyu. Za ta tafi da ƴarta garinsu Puebla ta haihu a can, kafin cikin ya kai inda jirgi ba ya ɗauka. Yaushe za su dawo, ba a faɗa ba. Marisol ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro. Shi kuma ɗanki ya kira ni jiya, ya ce Baba, kunyarka ta kusa kashe mini ɗa, ya kashe waya. Ni ya kashe wa waya. Ni da na wanke tankunan guba a Saint-Fons har farcena ya canza launi don ya zama injiniya.

Ina tambayarki, ni na hau turotinet ɗin? Ni na gina dakali kamar bakin faranti? Garin da ke da kuɗin kunna wa doguwar hasumiyar ƙarfe fitila kowane dare, ya kasa hana yara tuƙa katako a kan mutane, amma Ilya ne mai laifi. Kowa ya samu wanda zai ɗora wa kaya, tunda an ga na iya riƙewa da hannu biyu.

In suka tafi, wa zai yi wa yaron huɗuba a kunne? Wa zai yanka ragon? Ke da kika sha rana a layin biza, za ki zo ki yi wa wa wankan jego, ni? Meksiko ba Agadas ba ce da za mu hau mota mu je.

Ba na barci sosai, ƙafar ce. Ki sa Inna ta yi addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Naki,
Ilya

Vaulx-en-Velin, bayan kwana kaɗan

Hajiya Biba,

Ina gaisuwa, don gaisuwa wajibi ce ko tsakanin mutum da wanda ya ci amanarsa. Ina fata kin tashi lafiya, kuma haƙarƙarinki bai yi ciwo ba saboda dariyar jiya.

Ni na jawo, na sani. Ni na aika wa Donya Celo cewa tafiyar miji a gaba ba wulaƙanci ba ne, share hanya ne, in akwai maciji shi zai fara takawa. Ni na ce ga matata can, tun tana amarya take bina a baya, ba ta taɓa kuka ba, a tambaye ta. Na faɗi haka ne don na ɗauka ina da mata. Ban san za su kira ki da bidiyo ba, su haɗa ni a layi, Injiniya na fassara, ina kallo daga kicin ɗina kamar wanda ake yi wa shari'a ta taga.

Me kika ce? Kika gyara ɗaurin kallabi kamar za a sa ki a talabijin, kika ce kin fi sanin ƙeyata da fuskata. Kika ce in aka jera maza a juye za ki fitar da ni cikin dubu, amma ta gaba sai kin yi tunani. Kika ce ba maciji nake share miki ba, sauri nake kada shayin fadar Chaibou, majalisarmu ta hira, ya huce. Har da cewa in muka fita biki ban san zanen da kika ɗaura ba sai mun dawo. Wannan ƙarya ce, akwai wani shuɗi da na sani.

Kuma ɗanki, da ya ga dama ai sai ya rage wani abu a fassarar. Bai rage ba. Na ga ma kamar yana ƙarawa, don maganarki gajeriya ce, tasa kuwa har da hannu.

Matar nan ta yi dariya har ta share hawaye, ta aiko miki sumba ta iska, ke ma kika mayar. Ke, Biba, ƴar liman. Sannan ta juyo ta dube ni ta faɗi kalma biyu, aka fassara mini: ashe gado ne.

Kin ga abin da kika yi? Na kawo ki shaida, kin tabbatar musu cewa ciwon a jini yake. Tikiti na nan daram, tafiya farkon wata. Abu ɗaya kawai zan ce, Marisol ta yi dariya, kuma tun ranar asibiti ban ga haƙorinta ba. Ban ce kin kyauta ba. Na ce ta yi dariya.

Kika kuma turo mini daga baya wai in ajiye girman kai in je in gyara abin da na ɓata. Ba inda za ni. Ban yi wa kowa laifin da zan bi shi da roƙo ba. Gaskiya ne na sayi tikitin jirgin ƙasa na jibi, amma hulata zan karɓo, wadda na manta a can.

Ki gaida Shamsiya, ki ce mata na ji muryarta a bayanki, ita ma na rubuta sunanta.

Wanda aka sani ta ƙeya,
Ilya

Paris, ƙarshen Maris

Zuwa ga Biba, uwar ƴaƴana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da yara. Barka da samun biza, Allah ya sa a shigo a sa'a. Ƙafa da sauƙi. Shaddata ce ta rasu, farar nan ta Sallar bara, ki yi mata addu'a.

Na san an riga an ba ki labari, tunda yanzu ke da Donya Celo kullum kuna waya, ba mai jin yaren wani, sai nuni da hannu kamar kurame a kasuwa. Amma ki ji nawa, don nasu akwai son kai.

Na iso da safe, ranar da Marisol ke da awo, ɗanki yana wurin aiki. Na tarar da su a ƙofar gida za su fita, akwatuna kuma na hange su a jere cikin falo. Ban yi dogon bayani ba. Na ce kon permiso, da irin bakin da Allah ya ba ni, na ratsa ta bayansu na tsaya ta gefen mota, na dogara sandata. Raina a ɓace yake, kada ki ɗauka da fara'a na yi.

Donya Celo ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga hanci, ta kama hannun ƴarta suka fara tafiya. Na bi, kafaɗa da kafaɗa. Biba, aikin nan ya fi wankin tanki wuya. Duk tsallaken titi gefen mota sai ya koma ɗaya hannun, dole in ɗingisa in zagaya ta bayansu. Matar nan kuwa da ta gane, sai ta shiga tsallake titi ba dalili. Ta tsallaka ta duba takalmi, ta dawo ta duba burodi, ta sake tsallakawa ba ta duba komai ba. Ina zagayawa ina zufa, ina zaginta a zuci da Hausa, da Faransanci, da ɗan Zabarmancin da na sani. Mun cika dakali mu uku, Turawa na huci a bayanmu. Wani mai jaka ya ce mini wai hanyar ba ta ubana ba ce. Na ce masa ba ta uban kowa ba ce, ya bi ta titi in yana sauri, mai ciki ke tafiya.

Hanyar asibiti ba ta bi ta Château Rouge ba. Ita ta karkata da mu can, da gangan. Muna dosar shagon Alhaji Brahim sai na ji hannu ya shigo ta ƙarƙashin hammatata ya maƙale. Ta sa Marisol ta bango, ita a tsakiya, ni a waje. Ga dattawa a zaune, ga Alhaji Brahim ya buɗe baki zai yi magana. Na riga shi. Na ce Alhaji, ina kwana, ka ga dai aikin da jika ke sa mutum. Ya rufe bakin. Wani tsoho a cikinsu ya ce Allah ya sauke ta lafiya, suka amsa da amin. Ban waiwaya ba, amma na ji abin da ya biyo bayan amin ɗin.

Ni fa na shirya mutuwa. Na ce yau duk turotinet ɗin da ya zo, sai dai ya bi ta kaina, a kai miki labari cewa mijinki ya yi shahada a bakin titi. Ko keke ɗaya bai zo ba. Abin da ya zo motar kaya ce. A unguwar nan ana sakin ruwa a lambatu don wanke dattin kasuwa, ranar kuwa masu kifi sun gama wanke teburansu. Motar ta taka ruwan da gudu, ya watso mini. Tun daga gemu har takalmi, Biba, har da ɓawon kifi a aljihu. Su biyun ko ɗigo bai taɓa su ba.

Na tsaya ina ɗiga, ina neman kalmar da za ta ishi direban, ban samu ba. Donya Celo ta dubi rigata, ta dubi ta ƴarta, ta yi wata magana a hankali. Marisol ta ce, wai yanzu ka san abin da ake yi a gefen nan. Na ce ta faɗa mata na sani, kuma wanda ya ƙirƙiro dokar nan ba shi da farar shadda.

A asibiti mutane suka yi ta matsawa daga kusa da ni, kowa ya ba ni fili, na samu benci guda ni kaɗai. Marisol ta zo ta zauna dab da ni duk da ƙarnin. Ta ce Baba, ba Mama ce za ta yanke inda zan haihu ba, ni ce. Ta ce ba tsoron turotinet ya sa ta yi shiru ba. Ranar da na ce a sake ta aka sake ta, ta ga kamar a gidanmu ita ce abin da ake ajiyewa in manya sun zo, kuma ba ta so a haifi ɗanta cikin gidan da uwarsa abin kunya ce. Na ce mata mu kunyarmu ta abin da muke ji da shi ce, abin banza ba a jin kunyarsa. Ta ce to a riƙa faɗa, don ita ba ta iya karanta ƙeya kamar Mama Biba. Kin ga inda maganarki ta kai.

Ta ce in shigo in ji bugun zuciyar yaron. Na ce wannan kuma ya yi yawa, ko a Meksiko. Na tsaya a bakin ƙofa, suka bar ta a buɗe. Na ji shi. Sauri yake kamar kakansa.

An kwance akwatuna. Donya Celo za ta zauna har bayan suna, ta ce ita da ke za ku raba wankan, ke safe ita yamma. Ɗanki ya dawo daga aiki ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Ya dai kai shaddar wurin masu wanki, suka ce sai haƙuri.

Da na tsaya nan da na ci riba. Amma kin san bakina. Muna cin abinci, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, matar nan ta tambaya, to Biba fa? Na ce Biba ma haka zan yi mata, me ke ciki. Ban lura wayar Marisol na jingine da kwalbar yaji ba, ke kuma kina ciki kina saurare.

Na roƙe ki mu yi a Lyon in kin zo, bakin kogi, inda ba wanda ya san mu, kin ƙi. Na ce to a Damagaram, amma bayan sallar asuba, kin ƙi. Kin ce daga ƙofar gida har Kasuwar Dole, kafaɗa da kafaɗa, da tafiyarki ba tawa ba, ta gaban fadar Chaibou lokacin da shayi ya nuna. Kuma ranar Alhamis, da ƙauye da birni duk suna gari. Biba, ko alƙali yana rage wa mai furfura.

Na ɗauki alkawari. Da shaidu daga nahiya uku, ba ni da wurin gudu. In na zo hutun damina zan biya. Abu biyu kawai nake roƙo. Na ɗaya, in mun zo daidai fada, kada ki maƙale mini hannu, ki bar wannan sai mun wuce gidan mai. Na biyu, ki tambayi ƙawar taki, tunda ita ce malamar: a unguwarmu babu dakali, rairayi ne, ƴan kabu-kabu kuma ta ko'ina suke ɓullowa, gaba da baya, dama da hagu. Ta wane gefe zan tsaya? Kada in zagaya ki tun daga gida har kasuwa, Chaibou ya ce na fara bori.

Ki gaida Inna da kyau. Ki taho da kanwar, da wata shadda, amma ba fara ba.

Mijinki, wanda za ki gani ta gefe,
Ilya